Bernard Darwin: Lauyan Da Ya Sayar Da Hularsa Ya Koma Rubuta Labarin Wasan Golf

Idan yaro ya gama karatun lauya a jami'a, ya dawo gida Gombe, ko a Jekadafari ko a Herwagana ko a Bolari, sa'an nan ya durƙusa gaban mahaifinsa ya ce shi ya bar aikin shari'a, zai koma bin 'yan wasa yana rubuta labarinsu a jarida, babu shakka sai an tara dangi a kansa. Wasu za su ce sammu aka yi masa, wasu kuma su ce a nemo masa rubutu ya sha. Dalili kuwa shi ne, a ganin mutane da yawa na ƙasar nan, wasa dai wasa ne, mai rubuta labarinsa kuwa ɗan rakiya ne kurum, wanda ba shi da wata sana'a ta ƙwarai.

To, irin wannan abu ne wani Bature mai suna Bernard Darwin ya yi a ƙasar Ingila cikin shekarar 1908. Ya sayar da hular gashin nan da lauyoyi ke sawa a gaban alƙali, ya juya wa kotu baya, ya kama rubuta labarin wasan golf. Ya shekara 46 yana wannan aiki a jaridar The Times ta Landan, har ya kai yau, shekaru fiye da 60 bayan mutuwarsa, duk inda aka zauna ana zancen marubuta labarin wasanni, da wuya a tashi ba a ambaci sunansa ba. Tarihinsa ya cancanci a ba da shi, domin ya nuna cewa aikin da ake rainawa yana da ƙa'ida da amana kamar kowane aiki, kuma al'ummar da ba ta da masu yin sa da gaskiya, jarumanta kan shuɗe ba a bar kome a kansu ba.

MENE NE WASAN GOLF?

Kafin a shiga tarihin mutumin, ya kamata a ɗan bayyana wasan, tun da yake ba kowa ne ya taɓa ganinsa ba. Golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, ana yin sa ne a wani makeken fili mai ramuka 18. Kowane rami ɗan ƙarami ne, faɗinsa inci huɗu da kwata, an kafa tuta a cikinsa don a hango shi daga nesa. Mai wasa yana da 'yar ƙwallo mai tauri wadda ba ta kai ƙwan kaza girma ba, da sanduna iri-iri waɗanda doka ta ce kada su wuce 14. Zai tsaya a mafari ya buga ƙwallon, ya bi ta, ya sake bugawa daga inda ta faɗi, ko cikin ciyawa ne ko cikin yashi, har ya jefa ta rami. Sa'an nan ya wuce rami na gaba. Wanda ya gama ramukan da bugu mafi ƙaranci shi ne ya ci. Wani lokaci kuma a kan yi karawar mutum da mutum, a ƙirga wanda ya ci ramuka da yawa.

Jakar sandunan tana da nauyi, saboda haka a kan sami yaro ya riƙa ɗaukar ta yana bin mai wasa. Mai karatu ya riƙe zancen wannan yaro a ransa, don zai sake fitowa nan gaba.

Asalin wasan daga ƙasar Sikotilan yake, arewa da Ingila. A garin St Andrews ne aka kafa kulob ɗin da ya zama uban sauran cikin 1754, kuma can ne aka tsai da ramukan fili su zama 18 cikin 1764. Babbar gasar Biritaniya, wadda ta girmi dukan manyan gasannin golf na duniya, an fara ta ne a 1860. A zamanin da Darwin ya tashi, 'yan wasan kashi biyu ne. Akwai 'ya'yan manya masu yi don sha'awa, ba su karɓar ko kwabo. Akwai kuma ƙwararru masu cin abinci da wasan, yawancinsu 'ya'yan talakawa ne da suka fara da ɗaukar jaka, kuma kome iyawarsu, a wurare da yawa ba a yarda su shiga ɗakin kulob su zauna tare da manya ba.

HAIHUWARSA DA TASHINSA

An haifi Bernard Darwin ran 7 ga watan Satumba, 1876, a wani ƙauye da ake kira Downe a lardin Kent. Mahaifinsa, Francis Darwin, masanin tsire-tsire ne. Kakansa kuwa shi ne Charles Darwin, masanin halittun nan wanda littafinsa na 1859 ya ta da ƙurar da har yanzu ba ta kwanta ba. Kwana huɗu da haihuwar yaron sai mahaifiyarsa, Amy Ruck, ta mutu. Saboda haka mahaifinsa ya koma da shi gidan kakanni, a nan ya yi wayo a hannun kakansa da kakarsa Emma. Yana da shekara biyar kakan ya mutu, cikin 1882, daga baya kuma iyalin suka ƙaura zuwa garin Kambirij.

Yana da wajen shekara takwas ya fara riƙa sanda, a wani gari na bakin teku mai suna Felixstowe. Amma filin da ya shiga ransa har ƙarshen rayuwarsa shi ne na Aberdovey a ƙasar Wales, wajen dangin mahaifiyarsa. Wani kawunsa, Kanar Ruck, shi ne ya fara tsara filin, kuma da ya rasa abin da zai yi ramuka da shi, sai ya aro tukwanen shuka furanni ya binne su cikin ƙasa. Duk tsawon ransa, Darwin bai daina komawa can ba, bai kuma daina rubutu a kan wurin ba.

Ya yi makarantar Eton, wadda 'ya'yan sarauta da na attajirai ke shiga, sa'an nan ya wuce Jami'ar Kambirij ya karanta shari'a. Ya wakilci jami'ar a wasan golf daga 1895 zuwa 1897, a shekarar ƙarshe ma shi ne kyaftin. Da ya gama sai ya shiga aikin lauya a Landan kamar yadda ake sa rai ga ɗan irin gidansu. Ya yi wajen shekara goma yana yi, amma zuciyarsa ba ta wurin. Cikin 1906 ya auri Elinor Monsell, wata 'yar ƙasar Ailan mai sana'ar zane, suka haifi 'ya'ya uku. Ɗaya daga cikinsu, Robin Darwin, ya zama shugaban babbar kwalejin zane-zane ta Landan.

Cikin 1907 aka fara ba shi dama ya riƙa aika 'yan rubuce-rubuce kan golf zuwa jaridar The Times da mujallar Country Life. Da ya ɗanɗana ya ji daɗin abin, ya kuma ga zai iya ciyar da iyali da shi, sai shekara na zagayowa ya sayar da hular. Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma shi Darwin bai taɓa waiwayen kotu da nadama ba.

YADDA YAKE AIKINSA

Kafin zuwansa, labarin golf a jarida bai wuce jerin sunaye da lambobi ba: wane ya yi bugu kaza, wane ya yi kaza. Wanda bai je filin ba, ba zai san ko iska ce ta kaɗa ranar ba, ko wani gwani ne hannunsa ya yi rawa a rami na ƙarshe. Darwin ne ya mai da abin ya zama labari wanda mutum zai zauna ya karanta da shayinsa, ko da bai taɓa riƙa sanda ba.

Abu na farko da ya dogara a kai shi ne ganin ido. Yakan bi 'yan wasa da ƙafa, cikin ruwa da sanyi, daga rami zuwa rami, abin da ya gani shi yake rubutawa. Idan abu ya faru a wani sashe na filin da ba ya nan, yakan faɗa a fili cewa ji ya yi. Gani ya kori ji, in ji Hausawa, kuma a kan wannan ya gina sunansa.

Abu na biyu shi ne sanin wasan ciki da bai. Shi kansa gwani ne. Sau biyu yana kaiwa zagayen kusa da na ƙarshe a gasar masu wasa don sha'awa ta Biritaniya, watau a 1909 da 1921, kuma ya wakilci Ingila sau da yawa. An san shi da zafin rai idan wasa ya ƙi shi. Saboda haka idan ya ga zakara ya kasa jefa ƙwallon da ke taku ɗaya daga rami, ya san abin da ke cikin cikin mutumin, domin shi ma ya sha wannan ɗaci. Wannan ne ya sa sukarsa ba ta zama cin mutunci.

Abu na uku shi ne yawan karatu. Ya haddace littattafan Charles Dickens kamar tafin hannunsa, har ana ƙirga shi cikin masana marubucin, kuma shi ne ya rubuta gabatarwar ƙamus ɗin zantukan hikima da Jami'ar Okusfod ta buga a 1941. Harshen da ya tara daga karatu shi ya riƙa zubawa cikin labarin wasa.

Wani abin mamaki kuma, duk shekarun nan 46 jaridar The Times ba ta sa sunansa a kan labaransa, domin al'adarta ke nan a lokacin. Abin da a kan rubuta kawai shi ne daga wakilinta na golf. Amma masu karatu sun san hannunsa kamar yadda ake gane saƙar wani masaƙi a kasuwa. Wannan ɓoye suna ya kan jefa shi cikin wani hali mai ban dariya idan shi kansa yana cikin masu wasa. Ana ba da labari cewa a 1933, da ya ci wata gasa ta mace da namiji tare da shahararriyar 'yar wasa Joyce Wethered, sai ya yabi matar ƙwarai a cikin jarida, da ya zo kan abokin wasanta kuwa sai ya ce wani dattijo ne wanda sunansa ya kuɓuce masa.

Ba a rasa inda za a kushe shi ba. Ba ya yin hira da 'yan wasa, domin a ganinsa masu karatu ra'ayinsa suke so su ji, abin da ɗan wasa zai faɗa kuwa ba shi da amfani. Wannan akwai ƙanshin girman kai irin na 'ya'yan manyan Ingila a cikinsa, kuma wakilin jarida na yau da ya yi haka ba zai daɗe a bakin aiki ba. Har ila yau mutum ne mai tsananin son nasa: idan Kambirij na karawa da Okusfod, ko Biritaniya da Amurka, ba ya ɓoye inda zuciyarsa take. Sai dai wannan son kai nasa shi ne ya ƙara wa abin da ya faru a 1913 daraja.

RANAR DA ƊAN ƊAUKAR JAKA YA KA DA ZAKARU

A farkon ƙarni na 20, Biritaniya ce ke riƙe da wasan golf. Mutum uku, Harry Vardon da J. H. Taylor da James Braid, sun zama kamar duwatsun murhu, tsakaninsu sun ci babbar gasar Biritaniya sau 16 daga 1894 zuwa 1914. Cikin 1913 sai mai jaridar The Times, Lord Northcliffe, ya ɗauki nauyin Vardon da wani ƙato mai suna Ted Ray, wanda ya ci gasar a 1912, su tafi Amurka su ɗauko kofin can. Ya kuma tura Darwin ya bi su don ya rubuto labarin nasarar.

An yi gasar a Brookline, kusa da birnin Boston. Da aka gama zagaye huɗu sai aka sami mutum uku sun yi kunnen doki da bugu 304 kowannensu: Vardon, da Ray, da wani saurayi mai shekara 20 da ake kira Francis Ouimet. Shi wannan saurayi ɗan talakawa ne, gidansu yana tsallaken titi daga filin, a nan ya yi ɗaukar jaka yana yaro, lokacin gasar kuwa yana aiki ne a wani kantin sayar da kayan wasa. Mai ɗaukar masa jaka ma wani yaro ne ɗan shekara 10, Eddie Lowery, wanda jakar ta kusa kai shi tsawo.

Ran 20 ga watan Satumba aka fito raba gardama cikin ruwan sama. A ƙa'idar golf, a kan sa wani amintacce ya bi ɗan wasa yana rubuta yawan bugunsa a kati, in an gama ya sa hannu, kuma sai da wannan sa hannu ne lissafin ke tabbata. Wanda aka ba katin Ouimet shi ne Bernard Darwin. Watau ke nan wakilin jaridar da ta kawo zakarun Ingila, shi aka ɗora wa ƙirga bugun wanda ke neman kunyata su.

Ouimet ya gama da bugu 72, Vardon 77, Ray 78. Darwin ya sa hannu a katin, ya koma ya aika wa jaridarsa labari. Bai nemi wani uzuri ya rataya wa ruwan sama ko filin ba. Ya bayyana wa mutanen Ingila cewa yaron ya fi gwanayensu wasa a wannan rana, ya kuma yaba natsuwarsa. Katin yana nan ajiye har yau a Amurka da sa hannun Darwin a jikinsa.

Wannan nasara ta sauya tarihin wasan. An ƙiyasta cewa masu wasan golf a Amurka sun tashi daga wajen 350,000 a 1913 zuwa miliyan 2 cikin shekara goma, domin talaka ya ga ashe shi ma yana da rabo a ciki. Shi kuwa Ouimet, cikin 1951 aka naɗa shi kyaftin na kulob ɗin St Andrews, ya zama Ba'amurke na farko da ya hau wannan kujera.

WAKILIN JARIDA YA SHIGA FILI

Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke, Darwin ya shiga soja, aka tura shi sashen kula da kayan yaƙi a Makidoniya. Ko a can ma sai da ya sami wani fage ya tsara 'yan ramuka, shi da abokansa suna bugawa. Bayan yaƙi ya dawo bakin aikinsa. A gasar 1921 da aka yi a Hoylake, 'yan Amurka sun zo da ƙarfinsu, kuma Darwin ne, yana da shekara 44, ya fitar da na ƙarshe da ya rage a cikinsu.

Cikin watan Agusta na 1922 aka yi karawar farko ta Kofin Walker, tsakanin masu wasa don sha'awa na Amurka da na Biritaniya, a jihar New York. Wanda ya ba da kofin, George Herbert Walker, shi ne kakan George Bush babba, wanda ya zama shugaban Amurka a 1989. Darwin ya bi tawagar ƙasarsa a matsayin wakilin jarida. Ana gab da farawa sai kyaftin ɗinsu, Robert Harris, ya kwanta rashin lafiya. Aka duba aka ga ba wanda zai maye gurbinsa sai mai alƙalami. Darwin ya karɓi kyaftin, ya ɗauki sanda.

A rana ta farko, wasan bibbiyu, shi da Cyril Tolley suka haɗu da Jesse Guilford da kuma Francis Ouimet, watau yaron nan da ya riƙe wa kati shekara tara da suka wuce, aka kuwa lallasa su. Kashegari ya kara da kyaftin ɗin Amurka, William Fownes. Fownes ya fara yi masa nisa, amma Darwin ya daure ya kamo shi, ya wuce, ya ci wasan. Duk da haka Amurka ce ta ɗauki kofin da ci 8 da 4, kuma shi ne ya zauna ya rubuta wa jaridarsa labarin kayen.

Daga nan sai girma ya yi ta zuwa. Ya ga zamanin Bobby Jones, Ba'amurken da ya haɗa manyan kofuna huɗu cikin shekara guda a 1930. An naɗa shi kyaftin na St Andrews a 1934, aka ba shi lambar girma ta CBE a 1937. Ya wallafa littattafai masu yawa, cikinsu har da wanda ya yi kan filayen golf na tsibiran Biritaniya a 1910, wanda har yanzu ana sake buga shi, da tarihin James Braid, da tarihin rayuwarsa shi kansa a 1955. Ya ajiye aikin The Times a 1953, shekarar da Ben Hogan ya ci gasar Biritaniya a Carnoustie, amma ya ci gaba da rubuta wa Country Life har ƙarshen ransa. Ya mutu ran 18 ga watan Oktoba, 1961, yana da shekara 85. Cikin 2005 aka shigar da sunansa zauren tunawa da gwanayen golf na duniya.

Ya bar magada. A Ingila akwai Henry Longhurst, wanda ya daɗe yana rubutu a jaridar Sunday Times, ya kuma yi suna wajen sharhi a talabijin na BBC kafin mutuwarsa a 1978. A Amurka akwai Herbert Warren Wind, wanda ya sadu da Darwin lokacin da yake karatu a Kambirij, ya koma gida ya zama babban marubucin golf na ƙasarsu har ya mutu a 2005.

GOLF A ƘASAR NAN

Kada mai karatu ya ɗauka wannan labarin wata duniya ce dabam. A shekarar nan ta 1913 da Ouimet ya yi abin mamaki, a cikinta ne aka kafa kulob ɗin golf na Rayfield a Jos, zamanin Turawan haƙar kuza. Na Kaduna ya biyo baya a 1921, akwai kuma tsofaffin filaye a Kano da Zariya. Da yake ruwa bai wadata ba, a maimakon lallausar ciyawar da ake shukawa kewaye da rami a Turai, a nan sai a kan gauraya yashi da baƙin mai a daddale, a kuma share wa ƙwallo hanya kafin a buga.

Babbar gasar Nijeriya da aka riƙa yi a filin Ikoyi na Legas ta jawo gwanayen duniya. Lee Elder, baƙar fatan Amurka wanda shi ma da ɗaukar jaka ya fara, ya ci ta a 1971, shekara huɗu kafin ya zama baƙar fata na farko da ya buga gasar Masters a 1975. Sandy Lyle ya ci ta a 1978, kuma ita ce nasararsa ta farko bayan ya zama ƙwararre, kafin ya je ya ci gasar Biritaniya a 1985. Cikin 1981 wani Bature mai suna Peter Tupling ya gama zagaye huɗu a Ikoyi da bugu 255, abin da ya zama bajintar duniya a lokacin. Vijay Singh, mutumin tsibirin Fiji, ya ci ta a 1988 da 1989, daga baya ya zama na ɗaya a duniya cikin 2004.

Duk waɗannan an san su ne domin a ƙasashensu akwai masu rubutawa. Amma da yawa daga cikin ƙwararrun 'yan golf na Nijeriya, ciki har da 'ya'yan Arewa, sun fara ne da ɗaukar jaka a filaye irin na Jos da Kaduna da Kano, suna koyon bugu da sandar da suka sassaƙa da kansu idan maigida ya juya baya. Kowane ɗaya daga cikinsu labarinsa ɗan'uwan na Ouimet ne. Sai dai mai neman tarihinsu a rubuce da Hausa zai sha yawo kafin ya sami ko shafi guda.

MAKAƊI DA MARUBUCI

Hausawa ba baƙi ba ne ga adana sunan jarumin wasa. Abin da ya sa har yau yaron da bai taɓa ganin Shago a fagen dambe ba ya san sunansa, shi ne waƙar da Ɗan Anace ya yi masa. An yi 'yan dambe da 'yan kokawa da yawa masu ƙarfin gaske waɗanda ba su sami makaɗi irin wannan ba, suka tafi da sunansu. Ta wannan fuska makaɗi da marubucin wasanni aikinsu ɗaya ne.

Amma akwai inda suka rabu. Makaɗi na gwaninsa ne, aikinsa ya zuga shi, ya kambama shi, ba wanda zai zarge shi don bai yabi abokin karawa ba. Marubucin jarida kuwa riƙon kati aka ba shi, kamar yadda aka ba Darwin a Brookline. Dubban mutanen da ba su je filin ba sun dogara da shi ya gaya musu abin da ya faru, na baya kuma da ba a haifa ba tukuna a wurinsa za su ji. Idan ya karɓi ɗan abin sa wa a aljihu daga shugaban ƙungiya, ya rubuta cewa alƙalin wasa ne ya cuce su alhali kuwa an fi su ne, ya ci amanar waɗannan duka. Idan kuma ya zauna a ofis ya kwafo abin da wani ya rubuta, bai taka filin ba, to shaidar zur ya bayar ko da lambobin sun yi daidai.

Garin Gombe, wanda ya zama babban birnin jiha tun ran 1 ga watan Oktoba, 1996, ba ya rasa abin rubutawa. Akwai filin wasa na Pantami da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Gombe United, akwai ƙungiyar ƙwallon kwando ta Gombe Bulls wadda ta fitar da sunan jihar, ga kuma dambe da kokawa da sukuwar dawaki da ake yi a garuruwa da ƙauyuka bayan kaka da lokacin salla. Ga jami'o'i a Gombe da Kashere suna yaye samari da 'yan mata masu iya rubutu kowace shekara. Haka abin yake a Katsina, inda Sarki Usman Nagogo ya yi suna a wasan ƙwallon dawaki, haka a Sakkwato da Kano da Maraɗi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai zaɓi wasa guda ya san shi sosai, ya riƙa zuwa fili da ƙafarsa, ya yawaita karatu don harshensa ya yi kaifi, sa'an nan ya daure a kai shekara da shekaru.

Gaskiya ne Darwin ɗan gata ne, yana da gidan da zai jingina da shi in abin ya ƙi, kuma jaridarsa tana biyansa abin da zai ishe shi. Wakilin jarida a ƙasar nan sau da yawa da kuɗin aljihunsa yake hawa mota zuwa filin wasa. Saboda haka nauyin bai tsaya a kan matasa kaɗai ba. Ya hau kan masu jaridu da gidajen rediyo, su ba labarin wasanni fili isasshe, su kuma biya masu kawo shi hakkinsu a kan kari, don kada yunwa ta tilasta musu miƙa hannu. Ya hau kan iyaye su daina ganin aikin a matsayin shiririta. Ya kuma hau kan hukumomin wasanni na jihohi su riƙa adana sakamakon gasanni, da sunaye da ranaku, yadda mai bincike zai iske su nan gaba.

Allah Ya ba ƙasar nan marubuta masu riƙon amana, Ya kuma sa a san darajarsu tun suna da rai. Amin.